Taken Mani

Damina ta yi tsakiya, gero ya wuce gwiwa, amma in ka bi hanyar da ta tashi daga Mafara ta nufi Maradun ba abin da za ka ji sai kukan babur. Makon jiya na bi ta a bayan wani mai kabu-kabu da ke gudu kamar an biyo shi. Dama da hagu gonaki ne kore shar, ga mutane jefi-jefi, kowa da tankin feshi goye a baya, yana tafe shi kaɗai yana fesa wa ciyawa magani. Ba mai yi wa wani magana. Na ce ya rage gudu, ya tambaye ni ko wani abu na yar. Na ce a'a, saurare nake yi. Ya ce, "Baba, mi za ka ji nan? Yanzu ko tari ya taso ma mutum cikin gona haɗiye shi yakai, kar a jiyo shi daga daji." Gaskiyarsa ce, amma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a zaure sai in tashi, in na fita bakin titi sai in rasa abin da ya fito da ni.

A zamaninmu, a irin wannan wata, ba sai an gaya maka inda ake aiki ba. Tun hantsi bai ɗaga ba za ka jiyo ganga daga gabas, wata ta amsa daga kudu, ka karkata kunne ka ce yau gayyar gidan wane ce. Samari su jeru a bakin gona tun daga wannan iyaka har waccan, kowa da galmarsa, kowa da kunyar da zai ja. A gida hayaƙi ya turnuƙe, mata na tuƙa tuwo suna gasa hoce, matan Fulani sun kawo nono tun da sassafe an dama fura a manyan ƙore. Ƙamshin ƙasar da aka juya, da warin zufa, da ƙarar galma idan ta ci tsakuwa, duk suna nan a kaina, ba inda suka je. Ni ne dai na rasa wanda zan ba labarinsu ya gane abin da nake nufi.

Mahaifina makaɗin noma ne, haka ma ubansa. A ƙauyenmu, can wajen Faru, ba a gayya sai da gangarsa. Kowane manomin da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da kowa ya san nasa ne shi kaɗai, da kirarin da ke bin sa. Yawanci gadonsa ake yi daga uba. In mutum yana tsakiyar kunya ya ji ƙarfinsa zai gaza, sai ya ɗaga galmarsa sama. Makaɗi na gani zai saki kiɗan jama'a ya koma kan takensa. Na sha ganin mutumin da ya fara layi don gajiya, aka kaɗa masa taken ubansa, ya yi kururuwa ya wuce kowa kamar yanzu ya fara. Baba yakan ce take ba abin wasa ba ne, sunan mutum ne aka koya wa ganga.

Shekarar da hannun Baba na dama ya fara rawa, ya miƙa mini gangar da gular da ake kaɗa ta. Ina saurayi a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, rawar kai gare ni. Na haddace taken kowa a garin, sai dai duk sun gundure ni, don na tsofaffi ne, an tauna an sake taunawa. So nake in kaɗa abin da ba a taɓa ji ba, a ce wannan na ɗan ne, ba na uban ba. Ƙafata kuwa ƙaiƙayi take yi. Duk Talata sai na hau keke na tafi kasuwar Mafara, wai zan duba fatar ganga. Fatar da na shekara ina dubawa ban sayo ba.

Ina da aboki, Mani. Ba haifaffen garinmu ba ne. Yana ƙarami ruwan dam ya hau ƙauyensu, iyayensa suka kwaso abin da ya kwasu suka zo, aka ba su wuri a gefen gari. Tare muka yi kiwon awaki, tare muka sha bulalar malam, amma har ya fara gemu baƙo ake ce masa. Makaɗin garinsu ya bi wata hanya daban, ya tafi da taken uban Mani, uban kuma bai daɗe ba ya rasu. A gayya ba wanda ke kamo Mani. Sai dai bai taɓa ɗaga galma ba, don ba abin da za a kaɗa masa. Yakan riga kowa fita, ya zauna a bakin gona yana goge galmarsa da ciyawa, yana jin ana wasa waɗanda ya baro a baya. Wata rana muna dawowa ya ce mini, "Ni ba wani abu nika so ga garin ga ba. In ɗaga galma awa kowa, shi ke nan." Na kai wa Baba maganar, ya ce a bari ya ƙara damina biyu, take ba a yin sa da gaggawa. Ni kuwa damina biyu a wurina kamar a ce sai Mahadi ya bayyana.

A bayan kasuwar Mafara akwai wani mutum mai zaure da bencina da janareto, yana nuna finafinan Indiya da na 'yan Cana daga azahar zuwa la'asar. Can fatar gangata take. Wata Talata na tarar ya sayo sabuwar na'urar bidiyo, gwanjo, 'yar Japan, ashe masu ita sun manta da kaset a ciki. Ya kunna don mu ga abin da Allah ya ba shi kyauta. Hoto ya ƙi fitowa, sai layi-layi ke ta birgima daga sama zuwa ƙasa. Ya bubbuga akwatin talabijin ɗin, ya murɗa nan ya murɗa can, daga baya ya ce kaset ɗin da akwatinsa ne ba su jituwa. Amma murya tana fita tar. Wasu mutane ne ke ta zuba da yarensu, da sauri kamar ana soya gyaɗa. Har ya miƙa hannu zai cire, sai ganga ta faɗo.

Ban taɓa jin irinta ba. Bugu uku masu nauyi da ka ji su a ƙirji kafin kunne, sai shiru ɗan kaɗan kamar mutum ya ja numfashi, sai biyu masu sauri, sai maza suka yi kururuwa gaba ɗaya, sannan muryar mace siririya ta hau sama ta sauko. Duka-duka bai kai a sha ludayi biyu na fura ba, ya ƙare, masu surutu suka dawo. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na roƙi mai gidan ya mayar baya, ya mayar, na sake roƙo, har 'yan kallo suka fara zagina suna cewa a sa musu Indiya. Amma kafin a sa, sai da aka yi muhawara a kan kiɗan, kuma bakin kowa ya zo ɗaya. Mu mutanen Mafara da Maradun da Bakura, a cikin kiɗan fada muka tashi, mun san ba a sare itace mai wannan girma a ɗaura masa fatar sa don banza. Ko dai na sarkinsu ne, ko na wani gwarzo da ƙasar ke ji da shi. Mun san talla a rediyo, ta sabulu da ta batir, amma ba wanda tunaninsa ya je can. Wa zai tara ƙarti haka a kan sabulu?

A hanyar komawa kan keke na yi ta bugawa da tafin hannu, har na kusa faɗawa rami sau biyu. Kafin in kai gida na gane abin da ya kama ni. Uku, numfashi, biyu. Daidai saran galma ne da ɗaga ƙafa. Na ɗauko ganga na shiga bayan rumbu ina gwadawa, sai ga Baba a kaina.

"Waƙar wa ta?" ya tambaya.

"Ta wani sarkin noman Japan ta, Baba." Ban san inda na samo sarkin noman ba, amma ina faɗa na ji na yarda da shi.

"Ka gan shi da idonka?"

"Hoto bai hito ba."

"To abin da ba ka san mai shi ba, ba ka ɗauka ka liƙa ma ɗan mutane. Aje ta."

Na ce to, irin ton da samari ke cewa.

Gayyar da ta biyo baya, rana ta take, Mani yana gaba kamar kullum, na saki kiɗan jama'a na buga uku, na tsaya, na buga biyu. Gona ta yi tsit, kowa na waige-waige, don ba wanda ya san mai wannan. Sai na ɗaga murya na ce, "Mani na bakin ruwa, ruwa ya ci gari bai ci ka ba!" Ya tsaya cak, ya juyo ya dube ni. Na sake bugawa. A hankali, kamar mai tsoron kada a ce ba da shi ake ba, ya ɗaga galmarsa sama. Abin da ya yi wa gonar nan a ranar, tsofaffi sun daɗe suna zancensa. Da aka zauna shan fura na ga idonsa ya yi ja, ya ce ƙasa ce ta faɗa masa.

Kafin gero ya fid da kai, kiɗan ya cika gari. Mata na daka da shi, yara na buga shi a gindin tasa, mai tallar ƙosai ma da shi take tafiya. Irin kiɗan nan ne da in ya shiga kai ba ya fita, ka kwanta da shi ka tashi da shi, har a sahun salla sai ka yi ta korarsa kana neman tsari. Mutanen Damaga suka aiko a zo musu da makaɗin nan da manomin nan. Sarkin Noma ya ba Mani kunyar farko, wadda ba a ba kowa sai ɗan gari. Na ji da kunnena wata tsohuwa tana ce wa baƙuwarta, "Maninmu na." In na fara kiɗan sai Baba ya tashi ya shiga ɗaki. Ni kuwa kaina ya kumbura, hulata ma ta daina zama daidai.

Yanzu jikokina suna da irin waɗannan waƙoƙi a waya, tuli guda. Wata jikata ta nuna mini su, na Japan ɗin ma, na shayi da na mota da na maganin mura, kowace da kiɗanta mai shiga kai. Su ji wannan su yi dariya, su shafa yatsa su wuce wata, kafin magariba sun manta da ta safe. Ba mai tambayar ta wace ce, kuma ba wanda ta taɓa wa suna. Ina kallonsu wani lokaci in ji haushi, wani lokaci in ji kishi. Mu waƙa ɗaya muka samu, muka ɗora mata mutum sukutum.

Da damina ta zagayo, mai gidan bidiyo ya sayo sabon akwati mai cin kowane irin kaset. Shi da kansa ya aiko ƙauyenmu cewa ranar Talata zai nuna mana mai taken Mani. Muka ɗunguma, mu da yawa, wasu a keke wasu a bayan a-kori-kura. Mani ya sa rigarsa ta salla. Aka ba shi bencin gaba, don shi ne zai ga sarkin da suke tarayya da shi.

Hoto ya fito garau. Ga ƙarti nan, sun ɗaure kai da farin ƙyalle, suna dukan wata ganga da ta fi bakin rumbu faɗi. Zaure ya ɗauki kabbara da sowa, wani ya dafa kafaɗar Mani. Bugu uku, numfashi. A kan biyun masu sauri sai hoto ya juya, ga wani ɗan farin kare mai gashi buzu-buzu, an ɗaura masa jan zare a wuya, yana kaɗa wutsiya daidai da kiɗan. Wata mata ta durƙusa ta zuba masa wani abu a tasa tana waƙa da siririyar muryar nan da muka sani. Kare ya sa baki. Daga ƙarshe aka nuno buhu da hoton karen a jiki. Mun ɗan jima ba wanda ya gane. Mai gidan ne ya fara magana, yana riƙe da ciki: "Talla ta! Wallahi tallar abincin kare ta!" Mu da ba mu taɓa jin ana sayar wa kare abinci ba, balle a yi masa kiɗa. Dariyar da aka yi a zauren nan, na ga wanda ya faɗo daga benci. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mani bai motsa ba, idonsa na kan akwatin har aka kashe.

A hanya ni da Mani muka ware daga jama'a, muna tura kekunanmu. Sai da muka yi nisa ya ce, "Ashe can kare ma na da makaɗi." Ya ɗan yi murmushi. Can kuma ya ce, "Ran Assabar akwai gayyar Sarkin Noma. Ka taho da gangarka."

Labari ya riga mu isa gida. Kafin Asabar, in Mani ya wuce sai ka ji yara sun buga uku a gwangwani, su cika biyun da haushi. Ni ma ban tsira ba, makaɗin karnuka suka sa mini, kuma abin ya ci ni fiye da yadda zan iya faɗa. Na daina fita dandali. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Baba ya kira ni. Na zaci faɗa zai yi, sai ya ce, "Na hwaɗa maka ba ka jiya ba, wannan ya wuce. Amma ka riga ka ba shi. Nashi na yanzu, ba na kare ba. In ya ɗaga galma, kaɗa mai, ko garin ga duka na dariya. Ka ji ni?" Na ce na ji.

Ranar Asabar gonar Sarkin Noma ta cika, har da waɗanda ba su saba zuwa ba, kuma na san abin da ya kawo su. Mani ya zo ya kama kunyar farko, ba wanda ya hana shi. Aka fara. Ina kiɗan jama'a, gumi na zuba a tafin hannuna tun rana ba ta yi zafi ba. Da aka kai tsakiyar gona Mani ya miƙe, ya juyo, ya ɗaga galma. Duk aka tsaya. A bayana na ji wani ya yi ɗan haushi ƙasa-ƙasa, wasu suka ƙunshe dariya. Gula na hannuna, kiɗan na kan yatsuna, bugu biyar ne kawai. Sai na sunkuyar da kai na ci gaba da na jama'a, kamar ban gani ba. Ya sauke, ya yi 'yan saruka, ya sake ɗagawa. Na juya wajen Sarkin Noma na kama takensa, alhali shi ko galma bai riƙe ba, yana zaune a inuwa. Karo na uku Mani ya daɗe da hannu a sama. Ina ganinsa ta gefen ido. Ban ji tsoron Allah ba a lokacin, dariyar samari na ji tsoro, kuma har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina ta rufe ni.

Ya sauke galmar, ya ja kunyarsa shiru har ƙarshe, ya riga kowa fita. Bai tsaya fura ba. Ana gama girbi ya ɗauki tsohuwarsa suka bar garin, aka ce sun yi wajen Bakura inda ake noman rani. Baba bai sake yi mini maganar ba har ya koma ga Allah, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ƙara 'yan shekaru ina kiɗa, sannan gayya ta fara ja baya, maganin feshi ya shigo, masu wa'azi suka sa ganga a gaba, daga baya daji ya ɓaci muka dawo Mafara da zama. Gangar tana rataye a wani ɗaki har gara ta gama da ita. Sau da yawa na ɗaura niyyar zuwa Bakura, ga ta nan kusa, amma kullum sai in sami abin da ya fi ta gaggawa.

Bara, wata Talata, ina ratsa layin masu albasa, wani tsoho mai farin gemu ya ɗago daga kan buhu ya ce, "Wa nika gani awa ɗan makaɗa?" Muryar ce na fara ganewa. Muka riƙe hannun juna muka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina gida, yaya ɗiya, yaya ƙarfin jiki, ina labarin su wane, Allah shi jiƙan waɗanda sunka riga mu. Na yi ta jan gaisuwar don ina tsoron abin da ke bayanta. Da ta ƙare na ce, "Mani, ka yahe mani."

"Wane? Na kare?" Ya yi dariya har da tari. "Karen nan mi yai mani? Abincinai yac ci."



"Ka san har yau da taken nan nika noma?" ya ce. "Ukku, in ja numhwashi, biyu. Ɗiyana sun ɗauka wani wuridi na. Take na mai kyau, ba a yi mani wanda yaf fi shi ba. Sai dai da baki nika yi ma kaina." Ya ɗauki albasa ɗaya yana ɓare mata busasshen ɓawo, bai dube ni ba. "Rannan da ka kaɗa, ko sau guda, da sun yi dariyarsu sun gaji, da yanzu ni ɗan garinku na. Sau ukku na ɗaga, aboki. Na ukkun har hannuna ya yi sanyi."

Wata mata ta zo tana taya kwando, ya juya wajenta suka shiga ciniki. Na daɗe a tsaye a cikin rana ina jiran ya juyo, ina ta shirya abin da zan ce. Da ya juyo, sai ya zuba mini albasa a leda, ya ce in gaida gida.